Nazarin jinsi a jami'a: Ma'anarsa, asalinsa da abin da yake gani a Illo

Nazarin jinsi fanni ne na ilimi da ke binciken yadda al'umma ke raba aiki, dukiya da iko tsakanin maza da mata, da abin da wannan rabo ke haifarwa a gida, kasuwa da ofis. Yana aro hanyoyin bincikensa daga tarihi, tattalin arziki, shari'a da ilimin zamantakewa.

Asalinsa

An fara buɗe masa sashe a kwalejin San Diego ta Amurka a 1970, da sunan nazarin mata. A Najeriya, taron masana da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 1982 shi ya haifar da ƙungiyar WIN mai fafutukar mata. A 1987 Farfesa Bolanle Awe ta jagoranci kafa cibiyar WORDOC a Jami'ar Ibadan. Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da Cibiyar Nazarin Jinsi.

Sai dai abin da ake nazarta ya girmi sunan fannin. Nana Asma'u (1793–1864), 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke kai karatu ga matan karkara. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya adana rayuwar wata Bahaushiya daga bakinta.

Cinikin da ba ya shiga lissafi

A 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana cinikin da mata ke yi daga cikin gidajensu ta hannun 'yan talla, ta kira shi ɓoyayyen ciniki.

Irinsa na nan a yankin Illo da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, kusa da Kogin Neja da iyakar Jamhuriyar Benin. Mata na turara shinkafa, suna bandar kifi, suna matse man gyaɗa, suna tara jari ta hanyar adashi. Kaɗan ne daga wannan hada-hada ke shiga kundin hukuma ko na banki.

Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, an fi maganar manyan motoci da kuɗin kwastam. Ɗalibin wannan fanni kuwa zai tambaya: ina makomar matar da jarinta kwando ɗaya ne? Wa ya ci gaba da ciyar da gidanta?

Muhawara da amfani

Wasu na yi wa fannin kallon baƙon tunani. Masu koyar da shi a Arewa kan amsa cewa Musulunci ya tabbatar wa mace sadaki, gado da mallakar dukiya, aikin bincike shi ne gano ko haƙƙin na isa hannunta.

Masu wannan ilimi kan yi aiki a ma'aikatun mata, tsare-tsare da lafiya, da bankunan ƙananan rance. Amfaninsa a fili yake: wadda ba a ƙirga ba, ba a yi mata kasafi.