Tarihin Kayan Ƙera Manhaja na 'Yanci da Haruffa Masu Ƙugiya

Gabatarwa

Ngong gari ne da ke kudu da Garwa a arewacin Kamaru, a kan hanyar Ngaundere. Ƙasar auduga ce, kuma kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974, yana da injin gurza a can. A kasuwar garin ana jin Fulatanci da Hausa da Faransanci. Ɗalibin da ya ƙudurta ƙera wa ƙungiyar manoma manhajar lissafi a irin wannan gari, wadda za a girka cikin kwamfuta ta yi aiki ko babu intanet, yana buƙatar abubuwa uku: mafassarar da za ta juya umarninsa zuwa harshen na'ura, da kayan zana tagogi da maɓallai, da tsarin da ya san haruffan harshensa. A yau duk ukun ana samun su ba tare da biyan ko sisi ba. A da ba haka lamarin yake ba.

Mafassara

A farkon shekarun 1980, yawancin irin waɗannan kayan aiki mallakar kamfanoni ne. Sai an saya, kuma wanda ya saya ba shi da ikon leƙa cikinsu, balle ya gyara. A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya shelanta shirin GNU domin samar da kayan da kowa zai iya karantawa, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1987 ya fitar da mafassarar GCC, a 1989 kuma lasisin GPL, wanda ya shardanta cewa duk wanda ya gyara manhaja ya raba ta, dole ya bar wa na gaba ikon da shi ma ya samu. A Turanci kalma ɗaya ce ke ɗaukar ma'anar "kyauta" da ta "'yanci", abin da ya daɗe yana rikita mutane. Hausa ta raba su, kuma 'yanci Stallman yake nufi. A 1991 Linus Torvalds ya fara Linux a Finland da taimakon GCC, sannan a 1998 shirin MinGW ya kai mafassarar cikin Windows.

Tagogi da maɓallai

Wasu 'yan Norway biyu suka fitar da Qt a 1995. Da aka gina KDE a kansa a 1996 sai gardama ta tashi, domin lasisinsa bai cika sharuɗɗan 'yanci ba. Wannan ne ya sa Miguel de Icaza da Federico Mena na ƙasar Meziko suka fara GNOME a 1997 bisa GTK. A shekarar 2000 masu Qt suka sakko, suka sanya shi ƙarƙashin GPL, kuma a 2005 wannan izini ya haɗa da na Windows.

Haruffa

Nan ne tarihin ya taɓa ɗalibin Hausa kai tsaye. Tun shekarun 1930 aka fara amfani da ɓ da ɗ da ƙ a littattafan da ake bugawa a Zariya. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya duba ƙa'idojin rubutun harsuna da dama, ciki har da Hausa da Fulatanci, kuma a 1979 Kamaru ta samu abacadan bai-ɗaya na harsunanta, wanda ya ƙunshi ɓ da ɗ da ƴ. Sai dai tsarin ASCII da kwamfutocin farko suka dogara da shi gurbi 128 kacal gare shi, babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya. Masu rubutu suka riƙa yar da ƙugiyar. Ta haka "ƙafa" ta zama "kafa", "kaɗa" kuma, wadda Sakkwatawa ke kiran auduga da ita, ta zama "kada". Tsarin Unicode na 1991 ya ba kowane ɗayan waɗannan haruffa lambarsa, kuma Qt da GTK sun rungume shi. A 1995 GNU ta fitar da gettext, wanda ke ware kalmomin manhaja a fayil daban, yadda mai fassara zai mayar da su Hausa ko Fulatanci ba tare da ya iya rubuta umarni ba.

Kammalawa

Ɗalibin Ngong na iya kwaso GCC da Qt da Qt Creator a filashi daga Garwa, ya girka su a tsohuwar kwamfuta, ya fara aiki ran nan. Kuɗin lasisi ya daina zama shinge, haruffa ma sun samu gurbi. Abin da ya rage shi ne kalmomin da za a rubuta a kan maɓallan: shin "adana" za a ce ko "ajiye", "goge" ko "share"? Wannan ba aikin injiniya kaɗai ba ne. Aikin wanda ya san nahawu da ƙa'idojin rubutu ne, kuma in masu harshen ba su yi shi ba, manomin da ya kawo audugarsa awo zai ci gaba da sa hannu a kan lissafin da bai iya karantawa ba.