Rabon gado a zango: daga rumfar goro ta Salaga zuwa Doka ta 111

'Yan'uwa masallata da ɗalibanmu na makaranta, duk wanda ya tashi a zango ya san yadda ake yi bayan addu'ar arba'in: a shimfiɗa tabarma a zaure, a kira limam da dattawa biyu ko uku, a lissafa abin da mamaci ya bari. Ɗakuna huɗu, keken ɗinki, tumaki, ɗan kuɗin jari. Ba lauya, ba kotu. Wannan hanya tana da tarihi, kuma ƙarfinta a gaban hukuma ya sha canzawa.

A ƙarni na 19 Salaga ce babbar kasuwar goro. Fatake daga Kano, Katsina da Barno suna sauka da kanwa, tufafi da dabbobi, su koma da goron Asante. Tafiyar watanni ce, mutuwa kuma ba ta jiran mutum ya koma gida. Falke zai rasu a masauki, kayansa a hannun maigidan da ya saukar da shi, bashinsa a warwatse cikin kasuwa, magadansa kuwa suna can ƙasar Hausa. A Kano akwai alƙali mai raba gado ya ɗauki ushira. A Salaga sarautar ta Gonjawa ce, don haka nauyin ya faɗa kan malamai da masu gidajen baƙi. Tsarin da suka karanta a Risala da Muhtasar shi suka bi: a yi wa mamaci sutura, a biya bashi, a fitar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura. Kun ga bashi na gaban magada. A garin da ciniki ke tafiya kan amana, wannan ne ya sa ake yarda a ba baƙo kaya.

Rubutu ma na ciki. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salaga, tun yana matashi ya wallafa littafi kan yadda ake tsara wasiƙa. Ba abin mamaki ba ne a wajen ɗan fatake: takarda ce ke haɗa mai bin bashi a Gonja da magaji a Kano.

Yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa Salaga. Shi Alhaji Umaru ya ƙarasa Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Sai Turawa suka shata iyaka: Yendi, fadar Ya Na, ta faɗa hannun Jamus har zuwa 1914, Salaga da Bawku kuma hannun Ingila. Gida ɗaya ya zama ƙarƙashin hukuma biyu. Mutanen Bawku sun fi kowa sanin wannan har yau, tunda magaji ɗaya na iya kasancewa a Togo, ɗaya a Burkina Faso, shanun kuma a hannun makiyayi a tsallaken iyaka.

A 1907 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar auren Musulmi. Ta yarda a raba gadon Musulmi bisa shari'a, amma da sharaɗi: sai in an yi wa aurensa rajista cikin mako guda da ɗaurawa. To wa ke barin walima ya nufi ofishin Bature? Kaɗan ne ƙwarai suka yi. Sakamakon ya yi ɗaci: in rigima ta kai kotu, sai a ce tunda ba rajista, al'adar ƙabilar mamaci za a bi, ko da ya shekara hamsin yana sahun gaba.

A 1985, zamanin Rawlings, Doka ta 111 ta shafe wancan sashe, ta shimfiɗa ma'auni ɗaya ga duk wanda ya rasu ba wasiyya. Kayan ɗaki da gida ɗaya na mata da 'ya'ya ne. Mu gwada da misali: mutum ya bar mata, uwa, maza biyu da mace ɗaya, da tsabar kuɗi sidi 12,000 bayan bashi. A ilimin fara'il mata na da tumuni, 1,500, uwa sudusi, 2,000, kowane ɗa 3,400, 'ya 1,700. A dokar ƙasa mata 2,250, kowane cikin 'ya'yan 2,250, uwa 1,500, sai 1,500 a bi al'ada da shi. Dokar ta kuma ware ƙaramin gado ta bar wa mata da 'ya'ya dungurungum.

A nan ne muke ganin mutanenmu na sakaci. Rabon zaure yana tsaye ne kan yardar magada. Ranar da ɗaya ya tafi kotu, alƙali Doka ta 111 zai buɗe. Kakanninmu na Salaga suna da shaidu da takarda, mu kuwa sau da yawa sai mu tashi da "ai mun yafe wa juna" kawai, alhali 'ya mace ta yi shiru ne don kunyar yayyenta. Shirun kunya ba yafiya ba ne. A fara gaya wa kowa rabonsa da adadi, sannan in ya so ya sayar ko ya bar wa ɗan'uwa, sulhu halas ne. Maraya kuwa ba mai ikon yafe masa haƙƙinsa.

Akwai ƙofofi biyu da dokar Ghana ta bari a buɗe. Dokar wasiyya ta 1971 ta ba mutum damar rubuta cewa a raba dukiyarsa bisa shari'ar Musulunci, ya sa hannu a gaban shaidu biyu. A kula kada shaidun su zama cikin masu cin gajiyar takardar. Dokar sasanci ta 2010 kuma ta amince da hukuncin dattawa in ɓangarori sun miƙa kansu da yardarsu. Kuɗin banki da filin da ke da takardun gwamnati dai sai an nemo izinin kula da gado daga kotu. Tumaki da keken ɗinki a raba su a zaure, a rubuta da boko da ajami, kowane magaji ya dangwala yatsa, limam ya ajiye kwafi ɗaya a masallaci.