"Me Za Ka Ci da Tarihi?": Kongo, Mahmud Tukur da Maganar Digiri na Biyu

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya.

Lokacin sayar da fom ɗin digiri na biyu ya zo, kuma saƙonnin da ke shigo mini daga Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura kusan duk tambaya ɗaya ce. Mutum ya karanta Tarihi, ko Hausa, ko Larabci, ko Nazarin Addinin Musulunci, ya gama bautar ƙasa, yana zaune a gida. Ya ci gaba da fanninsa ne, ko ya tsallaka ya yi difloma a harkar gudanarwa don ya samu abin yi? A gida ana ce masa, "Wai kai me za ka ci da tarihi?" Shi kuma ya yi shiru. To, abin da nake so in nuna yau shi ne, katangar nan da aka gina tsakanin ilimin sanin mutane da ilimin tafiyar da ofis ba tsohuwa ba ce. An yi zamani a Arewa da ake koyar da su tare, da gangan.

Tun kafin boko, malamin da ya yi nisa a karatu shi ake tambaya yadda za a yi mulki. Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, tun ƙarni na 15. Abdullahi ɗan Fodiyo a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam, da mutanen garin suka roƙe shi ya bar musu abin da za su yi hukunci da shi. Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Umarun Dallaji. Ku lura, duk waɗannan mutanen adabi ne, masana nahawu da fiƙihu da tarihi, amma abin da suke rubutawa ya shafi haraji, naɗa alƙali, kula da kasuwa da baitulmali.

Turawan mulkin mallaka ma ba su raba ba. Yawancin Di'o-Di'on da aka turo mana ba injiniyoyi ba ne, tarihi da adabi da tsofaffin harsuna suka karanta a jami'a. Bayan digiri sai a ba su kwas na musamman a Oxford ko Cambridge ko Landan, wanda daga 1946 ake kira kwas ɗin Devonshire: shari'a, lissafin kuɗin gwamnati, nazarin al'adu, da harshen ƙasar da za a tura mutum. In ya iso nan kuma sai ya ci jarrabawar Hausa kafin ya samu ƙarin girma. Kada wani ya ce ina yabonsu. Sun koyi harshenmu da tarihinmu ne don su ji daɗin karɓar haraji da jangali, su san wane gida za su ɗaga, wane za su danne. Amma wannan kansa hujja ce: wanda ya zo cin ƙasa ma ya gane ba a mulkin mutanen da ba ka sani ba.

Yanzu ga inda labarin ya zama namu. A 1945 aka tura wasu malaman makaranta 'yan Arewa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, cikinsu har da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekara ta gaba Malam Aminu Kano ya bi sahu. Koyarwa suka je ƙaro sani a kai, amma da suka dawo siyasar Arewa ba ta sake zama yadda take ba. A 1950 Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa ya kawo ƙudurin a yi wa tsarin En'e gyara, ya yi maganar cin hanci da yadda aka mayar da talaka ba a bakin komai ba. Malamin makaranta ne fa, marubucin Shaihu Umar, yake faɗin haka a zamanin da ba a ɗaga wa sarki murya.

Gyara kuwa sai da ma'aikata. A Zariya akwai wata makarantar horar da akawuna da aka buɗe a 1947. A 1954 aka ɗaga ta ta zama Cibiyar Nazarin Harkokin Mulki, wadda kowa ya fi sani da Kongo, sunan unguwar da take. En'e-En'en Arewa suka riƙa tura mutanensu can: ma'aji, magatakarda, malaman haraji, hakimai. Kazaure a lokacin tana cikin Lardin Kano, da En'enta da baitulmalinta, don haka irin aikin da ake koyarwa a Kongo shi ne aikin da kakanninmu suke gani a ofisoshin garin nan. Daga 1957 aka fara horar da 'yan ƙasa su karɓi kujerar Di'o daga hannun Turawa, saboda Sardauna ya matsa lamba kan 'yan Arewa su riƙe aikin gwamnatin Arewa. Da za a fara aiki da sabuwar dokar laifuka ta 1960, nan aka tara alƙalai, mutanen da suka taso a zaure da littattafan Malikiyya, aka koya musu sabon tsarin kotu. A 1962 da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, Kongo ta shiga cikinta.

Wani abu da yake burge ni: Baturen da ya kula da horar da waɗancan Di'o-Di'on na farko, Anthony Kirk-Greene, shi ne ya rubuta littafin tarihin Adamawa, ya tattara karin magana ɗari biyar a littafinsa Hausa Ba Dabo Ba Ne, daga baya kuma ya yi nazari kan abin da Bahaushe yake nufi in ya ce mutumin kirki. Malamin koyar da aikin ofis ke nan.

Amma mutumin da ya sa na shirya shirin nan shi ne Dakta Mahmud Tukur na Yola. Kada a rikita shi da Mahmud Modibbo Tukur, masanin tarihin da ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'a, mutum biyu ne. Wannan ya yi karatu a Wales da Pittsburgh ta Amurka, ya karɓi shugabancin Kongo a 1967, lokacin yaƙin basasa, lokacin da aka farfasa Jihar Arewa zuwa jihohi shida, kowacce tana neman ma'aikata ido rufe. Da ya tashi yin digirin digirgir, da ya so da ya ɗauko tsarin Amurka ya juye mana shi kawai. Sai ya koma kan littattafan Shehu da Abdullahi da Bello, yana tambaya: waɗanne ɗabi'u suka gindaya wa mai riƙe da amanar jama'a, kuma me za su amfana wa ma'aikacin gwamnati na yau? Adalci, shawara, sauƙaƙa wa talaka, kame hannu daga dukiyar jama'a. Ya kammala aikin a 1977, a 1999 ya fito a littafi mai suna Leadership and Governance in Nigeria. Shi ne shugaban Jami'ar Bayero na farko, ya yi ministan kasuwanci da masana'antu a gwamnatin soja ta Buhari, ya rasu a 2021.

Gaskiya ina da ja a wani wuri. Abin da ke cikin littafi daban, abin da masu mulki suka aikata daban. Shi kansa Abdullahi ɗan Fodiyo, ɓacin rai da yadda ya ga an fara karkata ga duniya ne ya fitar da shi daga cikin jama'ar har ya iso Kano. An yi bauta a daular, an yi rigingimun sarauta. Mu nan Kazaure ai mun san yadda Ɗantunku ya yi shekaru yana fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Wanda zai karanta tarihi don ya yi shugabanci, dole ya karanta har da wannan ɓangaren, in ba haka ba kirari ya koya. Shi ya sa nake haɗa Mahmud Tukur da Dakta Yusufu Bala Usman a karatu. Bala ya yi digirinsa na uku kan tarihin Katsina, ya koyar da ɗalibai su tuhumi kowace majiya, ko ta Bature ko ta fada, sannan ya je ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna zamanin PRP. Ra'ayinsu ya sha bamban ƙwarai, amma dukansu daga ɗakin karatu suka shiga ofis, kuma ba wanda ya tambaye su me za su ci da tarihi.

To ina aka kwana? Jami'o'i sun yawaita, kowane sashe ya ja katangarsa. Mai karanta gudanarwa zai gama bai taɓa buɗe littafin tarihin garinsu ba, mai karanta tarihi zai gama bai taɓa ganin takardar kasafin kuɗi ba. Aka zo aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare na kusan shekara goma, mu 'yan zamanin nan mu abin ya faɗa wa. Akwai cibiyar Kuru kusa da Jos, da aka kafa a 1979 don horar da shugabanni, amma wannan sai ka riga ka zama babban darakta ko babban hafsa. Ɗan shekara ashirin da bakwai ba shi da kujera a can.

Ku dubi yankinmu. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga makarantar koyon kwamfuta, ga jami'ar fasaha ta tarayya da aka ba Babura a 2021. Alhamdu lillahi, ina murna da su. Amma ranar da rikici ya tashi tsakanin manomi da makiyayi kan burtali, manhajar kwamfuta ba za ta gaya maka inda burtalin ya bi shekara sittin da suka wuce ba, ko wane dagaci aka yi yarjejeniyar a gabansa. Wanda ya san wannan kuma, in bai iya rubuta rahoto shafi biyu da shugaban ƙaramar hukuma zai karanta ya sa hannu ba, saninsa a majalisar shayi zai ƙare.

Saboda haka ga amsata ga masu tambaya. In kana son fanninka, kada ka gudu, amma ka zaɓi batun bincike da wani ofis yake bukatar amsarsa: tarihin burtali da mashaya a ƙasar Roni da Gwiwa, yadda ake gadon gona da abin da yake jawowa a kotu, yadda dam ɗin Kazaure ya sauya sana'ar mutanen gefensa. Fayilolin Lardin Kano suna nan a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ga Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna. A gefe guda ka tilasta wa kanka koyon Excel, da rubuta takardar neman tallafi, da jagorantar taro har a tashi da matsaya. In kuma ka zaɓi tsallakawa zuwa gudanarwa, to kada ka jefar da Larabcinka da Hausarka, su ne abin da sauran 'yan ajin ba su da shi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ɗauko kasafin kuɗin Jihar Jigawa mu bi shi layi-layi, mu ga yadda ake gano abin da aka ware wa ƙananan hukumominmu. Kowa ya sauke shi a wayarsa kafin ranar. Wassalamu alaikum.