Warriors: Wasan Kwaikwayon BBC Kan Sojojin Kiyaye Zaman Lafiya a Bosniya

Warriors wasan kwaikwayo ne na talabijin mai kashi biyu, wanda tashar BBC One ta Birtaniya ta fara nunawa a watan Nuwamba na 1999. Leigh Jackson ne ya rubuta shi, Peter Kosminsky ya ba da umarni, tsawonsa kuma ya kusa awa uku. Labarin ya bi sawun wasu sojojin Birtaniya da aka tura Bosniya a 1992 ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, inda suka tarar da cewa umarnin da aka ba su ya amince su raka kayan agaji, amma bai amince su tare masu kashe fararen hula ba. Sunan wasan ya samo asali daga motar sulke samfurin Warrior, wadda sojojin suka yi aiki da ita bayan an shafe ta da farin fenti irin na Majalisar.

Wasan ya lashe lambar yabo ta BAFTA a shekarar 2000, a rukunin wasannin kwaikwayo masu dogon zango.

Yaƙin da aka gina labarin a kansa

Bosniya ɗaya ce daga cikin jamhuriyoyi shida na tsohuwar tarayyar Yugoslabiya. Manyan al'ummominta uku ne: Musulmin Bosniya, da Sabiyawa, da Kuroshiyawa. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta neman 'yancin kai a farkon 1992, yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu, bai kuma tsaya ba sai da aka cimma yarjejeniyar Dayton, wadda aka rattaba wa hannu a birnin Paris ranar 14 ga Disamba, 1995. Kimanin mutum 100,000 ne suka mutu, fiye da miliyan biyu kuma suka bar gidajensu.

Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa rundunar UNPROFOR da ƙuduri mai lamba 743 a watan Fabrairu na 1992, da farko domin rikicin Kuroshiya. A watan Satumba, ƙuduri mai lamba 776 ya faɗaɗa aikinta a Bosniya, ya ɗora mata nauyin kare ayarin motocin agaji na hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar. A kan haka Birtaniya ta tura bataliya ta ɗaya ta rundunar Cheshire, ƙarƙashin Laftanar Kanar Bob Stewart, ta kafa sansani a yankin Vitez da ke tsakiyar ƙasar. Ranar 13 ga Janairu, 1993, aka harbe Wayne Edwards yana tuƙa motar Warrior a garin Gornji Vakuf, shi ne sojan Birtaniya na farko da ya rasa ransa a wannan aiki.

Sojojin da ke cikin wasan ƙagaggu ne, amma an tsara labarinsu bisa hirarrakin da aka yi da sojojin da suka yi aiki a Bosniya. An ɗauki wasan a Jamhuriyar Czech.

Yadda labarin yake

Wasan ya fara da nuna sojojin a gida, kowa yana harkar gabansa, kafin a katse musu hutu a kira su bakin aiki. Matthew Macfadyen ya fito a matsayin Alan James, ƙaramin soja daga birnin Liverpool mai son ƙwallon ƙafa. Damian Lewis ya fito a Laftanar Neil Loughrey, Ioan Gruffudd kuma a Laftanar John Feeley. Dukkansu ukun a lokacin matasa ne, daga baya suka yi suna a manyan finafinai da wasannin talabijin na Birtaniya da Amurka.

Da isarsu Bosniya, manyansu suka karanta musu ƙa'idojin aiki. Ba su da abokin gaba, ba za su goyi bayan kowane ɓangare ba, ba za su buɗe wuta ba sai don kare kansu. Ƙa'idar da ta fi yi musu nauyi ita ce hana kwashe fararen hula masu lafiya daga ƙauyukan da ake kai wa hari. Hujjar hukumomi ita ce, idan dakarun Majalisa suka kwashe mutane daga garinsu, sun taya masu son korar wata al'umma daga yankin cika burinsu ke nan. Sojojin kuwa suna gani da idonsu cewa wanda aka bari a baya kashe shi za a yi.

A ɗaya daga cikin fitowar da aka fi tunawa, Alan James ya ɗauki wani yaro a cikin motar sulke domin ya tsallake da shi. A shingen bincike mayaƙa suka tsare ayarin, suka ce babu wanda zai wuce sai an sauke yaron. Bayan doguwar jayayya, umarni ya zo cewa a sauke shi, domin sauran waɗanda ke cikin ayarin su samu hanya.

Kashi na ƙarshe ya koma Birtaniya. Sojojin sun dawo da ransu, amma zama cikin iyali ya gagare su. Ɗaya ya zama mai saurin hasala kan abin da bai kai ya kawo ba, ɗaya ya ɗaga hannu kan matar da yake zaune da ita, na uku kuma, wanda aka tura aiki Ireland ta Arewa, ya yi yunƙurin kashe kansa. Likitoci na danganta irin wannan hali da ciwon damuwar da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda kan zo da rashin barci, da mafarkai masu firgitarwa, da ganin laifin kai.

Kisan kiyashin Ahmici

Babban abin da wasan ya dogara a kansa shi ne abin da ya faru a ƙauyen Ahmici, 'yan kilomitoci daga sansanin sojojin Birtaniya. Da asubar ranar 16 ga Afrilu, 1993, mayaƙan Kuroshiyawan Bosniya suka auka wa ƙauyen, suka kashe Musulmi fararen hula fiye da 100, cikinsu har da mata da ƙananan yara, suka ƙona gidaje, suka rusa hasumiyar masallaci. Bayan kwanaki kaɗan Kanar Stewart da sojojinsa suka shiga ƙauyen suka tarar da gawarwakin da aka ƙona a cikin gidaje. Hotunan da wakilin BBC Martin Bell da abokan aikinsa suka aika daga wurin sun bazu a duniya.

A watan Mayu na wannan shekarar Kwamitin Sulhu ya kafa kotun hukunta laifukan yaƙi na tsohuwar Yugoslabiya a birnin Hague. Kotun ta yanke wa ɗan siyasa Dario Kordic ɗaurin shekara 25. Kwamandan yankin, Tihomir Blaskic, an yanke masa shekara 45 a 2000, amma kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa shekara tara a 2004. Sojojin Birtaniya da suka yi aiki a Vitez na cikin waɗanda suka ba da shaida.

Siyasar da ta ɗaure hannun sojoji

Wasan bai kai mai kallo ofisoshin Landan ko New York ba. Yana nuna shawarwarin da aka yanke a can ne ta hanyar umarnin da ke isowa ta na'urar sadarwa. Sanin waɗannan shawarwari shi ke fayyace dalilin da ya sa sojoji masu ɗauke da manyan makamai suka tsaya suna kallo.

Tun watan Satumba na 1991 Kwamitin Sulhu ya sanya takunkumin sayar da makamai kan dukkan yankin Yugoslabiya. Takunkumin ya fi cutar da gwamnatin Bosniya, domin Sabiyawa sun gaji manyan makaman tsohuwar rundunar tarayya. Gwamnatin Bill Clinton ta Amurka ta nemi a ɗage wa Bosniya takunkumin, a kuma kai hari ta sama, amma ba ta yarda ta tura sojojinta na ƙasa ba. Birtaniya, ƙarƙashin Firaminista John Major, da Faransa suka ƙi, suna cewa sojojinsu da ke ƙasa ne za a huce a kansu.

A watan Janairu na 1993 masu shiga tsakani, Cyrus Vance da David Owen, suka gabatar da shirin raba Bosniya zuwa larduna goma. Masana tarihi da dama na ganin cewa taswirar ta ƙara wa shugabannin Kuroshiyawa ƙaimin mamaye yankunan da aka nuna za su faɗa hannunsu, ciki har da kwarin Lasva inda Vitez da Ahmici suke. Majalisar Sabiyawan Bosniya ta yi watsi da shirin a watan Mayu, ya wargaje.

Abin da ya sauya bayan Bosniya

Aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ginu bisa ƙa'idoji uku: amincewar masu rikici, da rashin nuna son kai, da ƙin amfani da ƙarfi sai don kare kai ko kare aikin da aka ɗora wa runduna. An tsara su ne domin wuraren da aka riga aka tsagaita wuta. A Bosniya kuwa an tura dakarun yaƙi na ci. Ƙarshen abin ya bayyana a Srebrenica a watan Yuli na 1995, inda aka kashe kimanin Musulmi maza 8,000 a garin da Majalisar ta ayyana a matsayin tudun mun tsira, bataliyar Holand kuma tana wurin. Shekara guda kafin nan an yi kisan ƙare dangi a Ruwanda, alhali akwai dakarun Majalisa a ƙasar.

A watan da aka nuna Warriors ne Babban Sakataren Majalisar, Kofi Annan, ya fitar da rahoto kan Srebrenica, inda ya amsa cewa Majalisar ta gaza. Kafin nan da 'yan makonni, ranar 22 ga Oktoba, 1999, ƙuduri mai lamba 1270 ya kafa rundunar UNAMSIL a Saliyo, ya ba ta izinin amfani da ƙarfi domin kare fararen hula da ke fuskantar hari, gwargwadon ƙarfinta da kuma inda aka jibge ta. Wannan ne karon farko da aka rubuta irin wannan izini ƙarara. A watan Agusta na 2000 kwamitin da Lakhdar Brahimi na Aljeriya ya jagoranta ya ba da shawarar cewa kada a tura runduna sai da umarni bayyananne da kayan aikin da za su ishe ta.

Alaƙa da Najeriya

Najeriya ta fara tura dakarun kiyaye zaman lafiya zuwa Kongo a 1960, inda Janar Aguiyi-Ironsi ya kai ga jagorantar rundunar Majalisar a 1964. A 1992 ta ba UNPROFOR bataliya guda da ta yi aiki a Kuroshiya. Sojojinta ne mafi yawa a rundunar ECOMOG da ta shiga Laberiya a 1990, daga baya kuma Saliyo, wasu daga cikin bataliyoyinta suka koma ƙarƙashin UNAMSIL, wadda ɗan Najeriya Oluyemi Adeniji ya shugabanta a matsayin wakilin Babban Sakatare. A 2007 Janar Martin Luther Agwai ya zama kwamandan dakarun Darfur a Sudan. A watan Satumba na shekarar ne 'yan tawaye suka kai hari sansanin Haskanita, suka kashe dakarun Tarayyar Afirka, mafi yawansu 'yan Najeriya.

Cibiyar da ke horar da sojojin Najeriya kafin a tura su irin wannan aiki tana Jaji a jihar Kaduna, tana kuma ɗauke da sunan Janar Agwai. Kare fararen hula, wanda babu shi a umarnin sojojin Vitez, yanzu yana cikin umarnin mafi yawan manyan rundunonin Majalisar, duk da cewa har yau ana ƙorafin ƙarancin sojoji da kayan aiki a wurare irin su gabashin Kongo da Sudan ta Kudu.