Faifai biyu da littattafai uku: rabuwar Tagalal, 1851

A shekarar 1988 Patterson, Gibson da Katz na jami'ar Berkeley suka rarraba hanyoyin haɗa faya-fayan kwamfuta, tsarin da ake kira RAID. A mataki na ɗaya, duk abin da aka rubuta bisa faifai ana rubuta shi bisa tagwaicinsa nan take. In ɗaya ya mutu, sai a sa sabo a kwafe mai rai, da gaugawa, domin a wannan tsakani shaida ɗaya ce ta rage. Masu aikin kuma sukan ware littafin aukuwar yau da kullum daga rumbun bayanai, don in rumbun ya ɓaci a sake gina shi daga littafin.

Muna ganin wannan ma'auni zai taimaka wajen auna majiyoyinmu a kan Damargu.

A watan Janairu 1851 Richardson, Barth da Overweg suka iso Tagalal, garin Annur shugaban Kel Owi, tare da ayarin gishiri. Nan Richardson ya rabu da su ya nufi Damagaram. Sauran biyu suka bi hanyar Tasawa. Overweg ya yi Gobir da Maraɗi, Barth ya yi Katsina da Kano. Sun yi alkawarin gamuwa a Kukawa. Richardson bai kai ba, ya rasu a Ngurutuwa cikin watan Maris. Littattafansa na kullum suka tsira, aka buga su a Landan a 1853. Overweg ya rasu a 1852 gab da tafkin Cadi, kuma mafi yawan abin da ya bari guntayen rubutu ne masu wuyar karantuwa. Barth kaɗai ya koma gida ya tace nasa, juzu'i biyar, 1857 zuwa 1858.

Ke nan muna da littafin aukuwa ɗaya da rumbu ɗaya, ba daga hannu guda ba. Ɗalibanmu kan ɗauki dacewarsu a matsayin tabbaci. Mu muna taka-tsantsan. Tagwayen faifai suna kare mutum daga mutuwar faifai, amma kuskuren da aka rubuta yana shiga duka biyun. Turawan nan ayari ɗaya suka biyo, ƙarƙashin kariyar Annur, kuma mutanensa ne suka fi yi musu bayani. Sunan garin ma da sautin Buzaye ya shiga takarda. Manoman da ke cika rumbunan hatsin da ayarin ke saye, ta bakin iyayen gijinsu aka ji labarinsu a littattafan biyu.