Daga Man Kaɗe Zuwa Baƙin Mai: Tarihin Kula da Bindigar Toka a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ta daɗe a ƙasar Kano, domin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) aka shigo da bindigogi, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Garuruwan yammacin Kano, irin su Gwarzo da Getso da Kabo, suna kan hanyar da mahara daga Maraɗi suke bi a ƙarni na 19, saboda haka makami a wurinsu abin tsare rai ne kafin ya zama abin farauta. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 yaƙi ya kau, bindigar ta rage a hannun maharba da masu gadin gona da 'yan bindigar da ke buga ta ranar hawan Salla. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta riga ta toshe wa 'yan Afirka hanyar samun bindigogin zamani, sai dai ta bar masu ƙanƙara, kuma dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ware wa masu ɗuri ta baki sashensu na lasisi.

Babban abokin gabar wannan bindiga shi ne tsatsa, kuma daga cikinta take farawa. Albarushi idan ya ƙone yakan bar toka mai gishiri da farar wuta a cikin bututu, tokar kuma tana jan raɓa daga iska, ta yadda bindigar da aka harba da damina aka jingine ba a wanke ba, za ta iya yin ja a kwana ɗaya. Da rani kuwa ƙurar hunturu ce take manne wa duk inda mai ya yi yawa, ta haɗu da shi ta zama kamar yashi mai cin ƙarfe a wajen kunama, wato ɗan ƙarfen da ake ja a harba. Maharbi na ƙwarai yakan wanke bututun da ruwan zafi, ya naɗa tsumma a kan sandar ɗuri ya yi ta zurawa har tsumman ya fito fari, ya shanya bindigar a rana, sa'an nan ya ɗiga mai kaɗan daga tandu ya bi ƙarfen da shi.

Man da ke cikin tandun nan na gida ne: man kaɗe, ko kitsen dabba, ko man shanu, ko man gyaɗa, wanda ya wadata bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 noman gyaɗa ya bunƙasa. Kowannensu da aibinsa. Man gyaɗa yakan yi danƙo idan ya daɗe har ya riƙe kunama, man shanu yakan yi ɗoyi, kitsen da gishiri ya taɓa kuwa tsatsar da ake gudu yake kawowa. Amma suna da wata fa'ida da ba a cika yaba musu ba, wato suna tausasa tokar albarushi, ba sa bari ta daskare, sai ta fita da ruwa cikin sauƙi. Maƙerin da ke gyaran bindigar, wanda shi ne dai mai ƙera fartanya da lauje, ya san haka ta hanyar aiki ko da bai san dalilinsa ba.

Zuwan keken ɗinki da keken hawa da mota shi ya sauya abin da ke cikin tandun. Man keken ɗinki, siriri mai tsabta, ya dace da kunama ƙwarai, amma tsadarsa da ƙarancinsa suka sa jama'a suka karkata ga baƙin mai, musamman wanda bakanike ya juye daga inji, tun da kusan kyauta ake samunsa a tasha da garejin da ke bakin titin Kano zuwa Gwarzo. A nan ne aka yi asara, domin man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da baƙin hayaƙi da sinadarai masu tsami, ga shi kuma man da aka tace daga ɗanyen fetur idan ya haɗu da tokar albarushi cikin zafi yakan koma wani kauri mai kama da kwalta wanda ruwa ba ya wankewa.

Man inji na haɗi, wanda ake kira sintetik, ana harhaɗa shi ne a masana'anta daga sinadarai masu ƙira iri ɗaya, shi ya sa ba ya saurin tsinkewa da zafi ko daskarewa da sanyi. Jamus ta yi aiki a kansa sosai lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'an nan ya shiga kasuwar motoci ta Amurka da Amsoil a 1972 da Mobil 1 a 1974, kuma maharban can da dama suna shafa wa bindigoginsu shi saboda ya fi man bindiga na musamman araha. Sai dai bindigoginsu na harsashin zamani ne, wanda ba ya barin irin wannan toka. A bindigar toka ta Gwarzo ko Kabo, sabon man haɗi yana da amfani a kunama da bayan bututu, inda yake kare ƙarfe daga raɓar watan Agusta fiye da man gyaɗa, amma cikin bututun, inda wuta da toka suke haɗuwa, har yanzu ruwan zafi da ɗan man kaɗe sun fi shi dacewa.