"Je Ka Faɗa wa Marin": Asalin Wata Baƙar Magana ta Turawa

Idan Bature ya ji labarin ƙanzon kurege, ba lallai ya ce maka ƙarya kake yi ba. Yana iya cewa "Tell it to the marines", wato je ka faɗa wa marin. Maganar ta haura shekara 200, kuma a jiragen yaƙin Ingila aka haife ta.

Marin sojoji ne masu bindiga da ake zubawa cikin jirgin ruwa. An kafa rundunarsu a 1664, zamanin Sarki Charles na Biyu. Ban da faɗa da abokan gaba, su ne ke tsare hafsoshi idan matuƙa suka tayar da bore, shi ya sa ba a ga-maciji tsakaninsu. A idon matuƙin da ya tsufa yana jan igiya, marin baƙauye ne da bai san teku ba, duk abin da aka sheƙa masa zai haɗiye. Marubuta ba su yi sanya ba wajen ɗaukar maganar: tana cikin rubutun Byron na 1823 da na Walter Scott na 1824.

Gorin ya daɗe yana ci wa marin tuwo a ƙwarya. A farkon ƙarni na 20 wani hafsansu marubuci, William Price Drury, ya zo da labarin wanke suna. Wai an gaya wa Sarki Charles cewa akwai kifi mai tashi sama, ya ƙi yarda, sai da wani hafsan marin ya shaida ya gani da idonsa. Wai daga nan sarki ya ce duk labarin da ake shakka a fara kai wa marin, tunda sun zaga duniya. Labari ne mai daɗi, amma daga baya Drury da kansa ya amsa cewa ƙagawa ya yi. Har yau akwai masu ba da shi a matsayin tarihi.

Amurkawa kuwa juya maganar suka yi ta koma kirari. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai zane James Montgomery Flagg ya sa ta a hoton neman sojoji, an ga wani mutum yana tuɓe kwat cikin fushi zai tafi yaƙi. Shugaba Roosevelt ma ya yi wa Jamus da Italiya da Japan martani da ita a rediyo cikin Fabrairun 1942.

Wata gajeriyar baƙar maganar sojan Amurka wajen ƙin amincewa ita ce ta Bastogne a Beljiyam. Ranar 22 ga Disamba 1944 Jamusawan da suka yi wa sojojin Amurka ƙawanya suka aiko da takardar neman su miƙa wuya. Janar Anthony McAuliffe ya mayar da amsa kalma ɗaya tak: "Nuts!" Jakadun suka rasa gane ko e ce ko a'a, sai da Kanar Joseph Harper ya warware musu cewa ma'anarta su tafi gidan wuta. Ranar 26 ga wata tankokin Janar Patton suka fasa ƙawanyar.